Fim ɗin tsoro: wanne ne ke bin mutum har makwanci, wanne ake mantawa da shi kafin a kashe waya?

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Maudu'in wannan makon shi ne fina-finai da littattafan ban tsoro na 'yan shekarun nan. Sharaɗi ɗaya ne: duk wanda zai yaba ko ya kushe, ya nuna mana inda aka yi gyaran ko inda aka tafka ɓarnar. Za a kuma tona ƙarshen labarai, wanda bai kalla ba ya yi haƙuri. Edita, bismillah.

Edita: Wa alaikumus salam, Shugaba. A fara da raba razana da tsoro, don ana cakuɗa su. Razana aikin jiki ce. Ka buga ƙofa da ƙarfi a bayan mutum zai zabura ko da ya san babu komai, kuma cikin sakan biyar ta wuce. Tsoro kuwa sai an gina shi, kuma tubalinsa ƙa'ida ce da mai kallo ya sani tun da wuri. A Talk to Me, wanda tagwayen nan 'yan Ostireliya Danny da Michael Philippou suka yi, ya shiga sinima a 2023, an shimfiɗa komai tun farko: a kunna kyandir, a riƙe hannun nan da aka busar, a ba ruhu izinin shiga, kada a wuce sakan 90, sannan a hure kyandir a rufe ƙofa. Ranar da yaron nan Riley ya wuce minti biyu, ba ka buƙatar a nuna maka wata mummunar fuska. Kai da kanka kake ƙirga sakan, cikinka na ɗurar ruwa. The Substance na Coralie Fargeat a 2024 ma haka ne: mace ɗaya mai jiki biyu, na dattijuwa da na budurwa, kowanne kwana 7, babu ragi babu ƙari. Da budurwar ta saci lokaci, sai yatsan dattijuwar ya tsufa ya lanƙwashe. Laifi a nan, sakamako a can, kana gani ƙiri-ƙiri.

Malamar Adabi: Malam Edita, wannan da ka faɗa ai shi ne ƙashin bayan tatsuniyarmu. A ce wa yarinya kada ta buɗe ƙofa sai ta ji waƙar uwarta, sai Dodo ya je ya gyara murya ya dawo. Yaro mai sauraro ya riga ya san dokar, don haka tun kafin a buɗe ƙofar ya ƙanƙame kakarsa. Kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Camfe-camfenmu ma a haka aka ɗinka su: kada a zuba ruwan zafi a rariya ba bismillah, kada a zauna bakin ƙofa da magariba, kada a yi fito da dare. Marubucin Hausa yana zaune a kan rumbu, amma sai ka ga ya tsallake shi ya ɗauko gidan katako mai ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wanda mai karatunsa bai taɓa shiga irinsa ba.

Mai Kyamara: Ban yarda da ku ɗari bisa ɗari ba. Akwai fim ɗin da ƙa'idar ce ta kashe shi. Longlegs na Osgood Perkins, 2024. Kashi biyu cikin uku na farko aiki ne na gwaninta. Yana ɗaukar hoto da faɗi, ya ajiye jarumar a gefe ko a ƙasa, ya bar ƙofa a buɗe ko taga a bayanta, idonka ya yi ta laluben wurin. Fuskar Nicolas Cage ma an yi ta yanke ta, ana nuna daga baki zuwa ƙasa kawai, har a tallan fim ɗin ba a nuna ta ba. To amma sai ga uwar jarumar ta zauna ta warware komai da baki: 'yar tsana, ƙwallon ƙarfe a cikin kanta, yadda ake kai ta gidaje. Daga nan iskar ta fice. Ido wa ka raina? Wanda kake gani yau da gobe. Abin da aka gama yi maka bayaninsa ya zama lissafi.

Edita: Ɗan'uwa, hujjarka tawa ce. Matsalar Longlegs lokacin da aka kawo ƙa'idar ne. Idan ta zo a minti 15 na farko, mai kallo ya riƙe ta yana jiran a karya. Idan ta zo saura minti 20 a tashi, ta zama uzuri. Kuma akwai bambanci tsakanin a gaya maka abin da zai faru idan an yi kaza, da a gaya maka asalin abin da dalilinsa. Na farko dole ne. Na biyu a bar shi cikin duhu.

Mai Kyamara: To Weapons fa, na Zach Cregger, 2025? Yara 17 'yan aji ɗaya sun fice daga gidajensu ƙarfe 2:17 na dare, hannuwa a buɗe, ba wanda ya san dalili. Ba a ba ka wata doka a farko ba, kuma fim ɗin ya riƙe mutane.

Edita: Ya riƙe su saboda ya sauya dabara. An raba labarin babi shida, kowanne ta idon mutum ɗaya, kuma kowane babi yana tsayawa daidai inda za ka ga amsa, sai a koma baya. Da Gladys, tsohuwar mayyar da ta kama yaran, ta fito, ba a tsaya lacca ba, an nuna aikin da hannu: gashin mutum ko wani kayansa, reshe mai ƙaya, jini, ƙararrawa, a karya reshen, sai wanda aka kama ya ruga. Ka ga matakan sau ɗaya ka haddace. Shi ya sa da yaron nan Alex ya ɗauki reshen a ƙarshe, kowa ya gane me zai faru ba tare da an furta kalma ba.

Marubuciya: Yayyena, ni a nan Weapons ya ba ni damuwa. Tsohuwa mara lafiya, mai baƙuwar kama, ita ce mayya, kuma an gama da ita ta hanyar a yayyaga ta ana tafi. A Amurka wannan almara ce. A wurinmu zargin maita yana raba tsohuwa da gidanta, wani lokaci da ranta. Duk wanda zai rubuta labarin mayu da Hausa ya yi tunani sau biyu kafin ya ɗora shi a kan gwauruwar tsohuwar da ke ƙarshen layi. Ta fuskar fasaha ma zaɓi ne mai rauni, don mai karatu ya zarge ta tun shafi na biyu. Idan mai kama kurwar shi ne mutumin da ya fi kowa fara'a, wanda ake kai wa ajiya, labarin ya fi cizo kuma bai zuga kowa a kan maƙwabciyarsa ba.

Malamar Adabi: Ƙanwata, kin taɓo inda yake. His House na Remi Weekes, 2020, ya nuna yadda ake ɗaukar imanin mutane da mutunci. Miji da mata ne 'yan gudun hijira daga Sudan ta Kudu, an ba su wani ruɓaɓɓen gida a Ingila. Abin da ke cikin bango shi ne apeth, mayen dare a al'adar ƙabilar Dinka ta Sudan ta Kudu, kuma bashi ya biyo: yarinyar da suke kuka a kanta ba 'yarsu ba ce, mijin ya ɗauke ta ne don a bar su su shiga mota, ta kuma nutse a teku. Sannan fim ɗin ya amsa tambayar da ke rusa yawancin labaran gida mai fatalwa, wato me ya hana su tashi. Dokar neman mafaka ce ta hana. Idan suka bar gidan, ana iya mayar da su inda suka gudo. Duk mai rubuta irin wannan labari ya zauna ya amsa tambayar nan kafin babi na ɗaya: kuɗin hayar shekara da aka riga aka biya, takaba, gidan gado da ake shari'a a kansa, jinya. In babu dalilin zama, mai karatu zai raina mutanen labarin, kuma ba a jin tsoro saboda wanda aka raina. Af, matar da ta fito a fim ɗin, Wunmi Mosaku, a Zariya aka haife ta, ita ce kuma Annie a Sinners.

Shugaban Zaure: Tunda an ambaci Sinners, wasu na cewa ba fim ɗin tsoro ba ne ma. Mai Sauti, tun ɗazu ka yi shiru.

Mai Haɗa Sauti: Ranka ya daɗe, masu faɗin haka suna da ɗan abin kamawa. Ryan Coogler ya ɗauki kusan rabin fim ɗin yana zagaya garin Clarksdale na jihar Misisipi a 1932, tagwayen da Michael B. Jordan ya fito a matsayinsu suna tara masu kiɗa da masu girki don buɗe gidan rawa. Masu shan jinin sun makara. Amma jinkirin shi ya sa ka san kowa a ɗakin, ka damu da wanda aka ciza. Dokarsu kuma tsohuwa ce: ba sa shiga sai an gayyace su. Don haka mafi tayar da hankali a fim ɗin shi ne mutumin da ka sani tsaye a bakin ƙofa yana murmushi yana roƙon a ce masa ya shigo.

Bari in shiga fannina, don a nan ƙananan masu shirya fim ke faɗuwa. Kunnen mutum yana ji daga kusan 20 Hz zuwa 20,000 (Hz ma'aunin sauti ne: ƙaramar lamba sauti mai kauri, babba siriri). Manyan fina-finai suna shimfiɗa wani gurnani a can ƙasa, 30 zuwa 60, wanda a sinima ƙirjinka ke ji kafin kunnenka. Sifikar waya da ƙyar take fitar da abin da ke ƙasa da 200. Wato wanda ya kalla a waya ba iyafis, rabin fim ɗin bai iso gare shi ba, shi ya sa zai ce bai ji komai ba. Idan ka san a waya za a kalli aikinka, ka ɗora wa gurnanin wani sauti a tsakanin 200 da 500, kamar kukan injin niƙa daga nesa ko ƙugin tiransifoma, ka kuma gwada haɗin a ƙaramar waya kafin ka saki.

Na biyu, shiru. Shirun fim ba sifili ba ne. Idan ka yanke sauti gaba ɗaya, mai kallo zai ɗauka waya ce ta tsaya. Kafin a tashi daga kowane ɗaki, a sa kowa ya tsaya cak a naɗi minti ɗaya na iskar wurin. Da ita ake cike giɓi. Dabarar kuma ita ce a janye abu ɗaya da kunne ya saba da shi: gyare yana kuka tun farkon fitowar, sai ya daina. Mutum ba zai san me ya canza ba, amma jikinsa ya sani.

Na uku, ƙarar bazata ƙarfinta yana cikin tazarar da ke tsakaninta da abin da ya gabace ta. In kiɗa yana sama tun farko, babu inda za ka ƙara hawa. Kuskuren da ya fi yawa ke nan: kiɗan tsoro daga minti na ɗaya har ƙarshe, sai kunne ya saba cikin minti biyar.

Edita: A ƙara da lokaci. Hoto 24 ne a sakan ɗaya. Ƙarar ta faɗo a kan hoton da abin ya bayyana, ko ta riga shi da hoto ɗaya ko biyu. In ta makara da hoto biyar ko shida, ido ya riga ya gane abin, sai ta zama abin dariya. Kuma kada a buga a inda ake jira. Mace ta buɗe labule, babu komai, ta sauke numfashi, mai kallo ma ya sauke, ka ƙirga biyu, sannan. A Quiet Place na 2018 ya yi akasin wannan da ƙusar nan ta matakala: an nuna maka ita a miƙe, aka bar ka da ita mintuna da dama kana jiran ƙafar da za ta taka.

Mai Haɗa Sauti: Wannan ma shi ne abin da ke cutar da fim ɗin tsoro idan an fassara shi da Hausa. Mai fassara ba shi da sautin a rarrabe, dole ya danne na asali duka ya ɗora murya. Numfashi da takun ƙafa da gyaren duk sun tafi. In kuma ya cike wuraren shiru da bayani, an gama. Gyaran mai sauƙi ne: a danne na asali a daidai inda ake magana kawai, a mayar da shi da zarar an rufe baki.

Malamin Islamiyya: Jama'a, ku ba ni dama. Matasanmu sun fi karkata ga na Turkiyya da Indonesiya, irin su jerin Siccin da Dabbe, saboda akwai sallah da ruƙya da aljanu a ciki, abin ya yi kama da gida. Damuwata biyu ce. Ta farko, ana mayar da ayar Alƙur'ani kamar wani makami da ake gwadawa, wani lokaci a nuna ta gaza don labari ya yi tsawo. Yaro ya kalli wannan sau goma, ya tashi yana tsoron aljani fiye da yadda yake dogara ga Allah. Ta biyu, ana koyar da matakan sihiri dalla-dalla. Labari ba ya buƙatar wannan.

Malamar Adabi: Allah ya gafarta Malam, damuwar a kan hanya take, amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Siksa Kubur na Joko Anwar, 2024, a kan azabar kabari yake. Yarinya ce iyayenta suka mutu a harin ƙunar baƙin wake, ta girma da alwashin sai ta tabbatar babu azabar, har ta sa aka rufe ta a kabari ɗaya da mutumin da ta san ya fi kowa zunubi. Ba a yi wasa da aya ba, shakkarta aka bi har inda ta kai ta. Rauninsa a wurina tsakiyar fim ɗin ne, a gidan kula da tsofaffi, inda aka cusa firgitarwar da ba ta da alaƙa da tambayar.

Malamin Islamiyya: Malama, na ji. Sai dai gaibu ba abin da kyamara za ta ɗauka ba ne, kuma duk siffar da aka yi masa ƙage ce. Wanda zai yi irin wannan da Hausa ya tsaya a bakin kabari, ya nuna mana fuskar masu dawowa daga maƙabarta. Hakan ya fi aminci.

Mai Kyamara: Ya fi aminci, ya kuma fi tasiri, Malam. Exhuma na Koriya ta Kudu, 2024, wanda sama da mutum miliyan 11 suka kalla a sinima a can, ya nuna haka. Rabin farko sana'a ce kawai ake nuna maka: masanin wurin binne gawa yana ɗanɗana ƙasar kabari, ana tono akwatin kakan wasu attajirai, ruwan sama ya hana a ƙone shi ranar, aka kai shi ajiya da gargaɗin kada a buɗe, wani mai kwaɗayi ya buɗe. Ruhun ba ka ganinsa sai a gilashin taga ko madubi. A rabi na biyu sai ga ƙaton jarumin Japan tsaye ana kallonsa daga sama har ƙasa. Ma'anar tarihin mulkin mallaka ta fito, amma tsoron ya ragu.

Ga masu ɗauka da dare: kada ku ɗauka a duhun gaske. Hoton zai cika da ƙura, kuma da an tura ta WhatsApp ko YouTube, matsewar za ta mayar da baƙin wurin murabba'ai masu rawa. A haska wurin fiye da yadda ake so, a rage a kwamfuta. Baƙar fata kuma ba a watsa mata fitila ta gaba. A sa haske ta baya ko ta gefe ya zana kafaɗa da kumatu, a shafa ɗan mai kaɗan don fatar ta ɗauki ƙyalli, sannan a bar ɗigon haske a ido. Fuskar da ba a ganin idonta ba ta isar da tsoro.

Mai Kwalliyar Fim: Yaya Mai Kyamara, ka bar ni da jini. Don Allah a daina zoɓo, ruwa ne tsararo kuma a kyamara yana komawa shunayya. Ga haɗin da ke aiki: kofi 1 na ruwan gulukos mai kauri, ko sukarin da aka dafa har ya yi danƙo ya huce, babban cokali 1 na jar kalar abinci, ɗigo 2 ko 3 na shuɗiya, babban cokali 1 na garin koko, sai ruwa kaɗan-kaɗan har ya riƙa gangarowa a hankali. Kokon ne ke kashe hasken jan ya hana a ga ta cikinsa. Shuɗin in ya yi yawa an koma gidan zoɓo. Jinin da ya kwana a ƙara masa koko, don na gaske yana komawa ƙasa-ƙasa in ya bushe. Matsalarsa ƙuda da tururuwa, don haka a zuba shi daf da ɗauka, kuma a tanadi riga iri ɗaya guda uku saboda maimaici. Fatar roba kuma a zafinmu gumi yana ɗaga bakinta da wuri. A goge wurin ya bushe kafin a manna, a sirance gefen sosai, a gwada robar da gam ɗin a hannun ɗan wasa kwana ɗaya kafin aiki saboda masu borin jini. The Substance ya ci Oscar na kwalliya a 2025 da irin wannan aikin hannu.

Mai Haɗa Sauti: Karyewar ƙashi kuma: rake ko karas a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, a karya kusa da makirfo. Sara, a yi shi a kan kabeji ko kankana.

Marubuciya: Littafi ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Ba ka iya razana mai karatu, don shi ke riƙe da saurin karatunsa. Rubuta "kwatsam" da alamar motsin rai guda biyar ba ya yin komai. Abin da ke aiki shi ne abu ɗaya da ya kauce daga daidai, a faɗe shi cikin sanyin murya. Uwa ta ƙirga 'ya'yanta a kan tabarma ta samu shida, alhali biyar ta haifa, kuma kowace fuska ta santa. A tsaya a nan, kada a ce mana ta tsorata. Ahmed Saadawi a Frankenstein in Baghdad, wanda ya ci babbar kyautar ƙagaggen labarin Larabci a 2014, ya gina nasa a kan doka ɗaya: gawar da wani ɗan gwangwan ya ɗinka daga sassan waɗanda bam ya kashe, kowane sashe yana ruɓewa ya faɗi, dole a samo sabo, har ta kai ga kashe marasa laifi don ta ci gaba da ɗaukar fansa. A gida kuma akwai Nuzo Onoh, haifaffiyar Inugu, da ƙungiyar marubutan tsoro ta Amurka ta karrama a 2023 da lambar yabo ta tsawon rayuwa, kuma da fatalwowin Ibo da al'adun binne gawa ta kai can.

Malamar Adabi: Masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp su lura da wannan. Kowane shafi ana so ya ƙare da abin mamaki don a dawo gobe, sai a fito da aljanar tun shafi na uku, a na goma ta zama 'yar gida ana hira da ita. A riƙe ta. Shafi ya ƙare da alama: sawun ƙafa a jiƙe a tsakar ɗaki da rani, ko sallamar da aka amsa kafin a tuna mai muryar yana Legas.

Shugaban Zaure: Marubuciya, wani ya turo tambaya ta gefe: a littafi mai shafi 60, a ina za a fara nuna abin?

Marubuciya: Baba Shugaba, dokar ta fito cikin shafi biyar na farko, a bakin wanda ba a ɗauki maganarsa da muhimmanci ba, kamar tsohon maigadi ko yarinyar aike. A karya ta wajen shafi na 15. Daga nan zuwa na 40 alamu ne da asara, kowace ta fi ta baya tsada: kaza, akuya, hankalin wani, sannan rai. Ganin ido ya jira bayan na 45, kuma ko a nan a ba da sashe ɗaya kawai, hannu ko murya ko wari.